Hatimin Wasiƙun Imel: Bayani a kan Tsohuwar Hanyar DomainKeys da Wadda Ta Gaje Ta

Tun zamanin da, wasiƙar sarauta ba ta tafiya sai da hatimi. In manzo ya iso ƙofar Hakimi da takarda, ya ce daga fada ta fito, abin da magatakarda ya kan fara dubawa shi ne hatimin da ke bisa kanta, tun bai karanta ko gaisuwa ba. Hatimi ne ke shaida inda takarda ta fito, liƙin ambulan kuma shi ke shaida ba a buɗe ta a hanya ba. Yanzu kuwa takardun aiki da yawa ta imel su ke zuwa, babu manzon da za a dubi fuskarsa, babu tawada, babu liƙi. Wannan ƙasida za ta bayyana wata dabara da aka ƙago a Amurka don a yi wa irin waɗannan wasiƙu hatimi, sunanta DomainKeys. An daina aiki da ita, amma wanda ya gane ta ya gane wadda ta gaje ta, gama a kan harsashinta aka yi sabon ginin.

Asalin matsalar

Ƙa'idar da kwamfutoci ke bi su miƙa wa juna wasiƙa, wani masani mai suna Jon Postel ne ya rubuta ta a 1982. A lokacin nan masu aiki da imel ba su da yawa, galibinsu malaman jami'o'i ne da ma'aikatan wuraren bincike, kusan kowa ya san kowa. Don haka ba a sa wani abin tantance mai aikowa ba. Layin nan da ke bisa kan wasiƙa, inda a ke rubuta daga wurin wa ta fito, mai aikowa ne ke cika shi da kansa, kuma ya iya rubuta sunan wanda ya ga dama. Kwamfutar da ta karɓa ba ta tambaya, kamar yadda ma'aikacin gidan waya ba ya tambayar ko sunan da aka rubuta a bayan ambulan na gaskiya ne.

Da jama'a suka cika intanet sai mazambata suka gane wannan kafa. Su kan rubuta wasiƙa da sunan banki ko kamfani, su ce wa mutum ya aiko da lambarsa ta sirri, in ba haka ba za a rufe ajiyarsa. A watan Disamba na 2003 gwamnatin Amurka ta kafa doka mai hukunta masu aika wasiƙun talla da sunan ƙarya, amma doka ba ta kama wanda ba a san inda ya ke ba. A watan Janairu na 2004 Bill Gates na kamfanin Microsoft ya faɗa a taron Dabos, a ƙasar Suwizalan, cewa cikin shekara biyu za a gama da tarkacen wasiƙu. Shekara biyun suka zo suka wuce, tarkace na nan.

A cikin shekarar nan ta 2004 ne kamfanin Yahoo, wanda a sa'an nan ya ke cikin manyan masu riƙe wa mutane akwatin imel, ya fito da DomainKeys. Injiniyan da ya tsara ta sunansa Mark Delany. Kafin shekarar ta ƙare Yahoo ya fara buga wa wasiƙunsa wannan hatimi, Gmail na kamfanin Google ma haka.

Sunan gida da mabuɗi biyu

Kowane adireshin imel kashi biyu ne, alamar @ ce ta raba su. Na hagu sunan mutum ne, na dama kuwa sunan gidan da ke riƙe da akwatinsa, kamar yahoo.com. Hikimar Delany ita ce, maimakon a ce kowane mutum ya yi nasa hatimi, abin da aka daɗe ana gwadawa jama'a suka kasa ɗauka, sai gidan ya riƙa bugawa a madadin mutanensa duka. Mai rubutu ba ya yin kome, mai karatu ma ba ya yin kome, kwamfutocin gidajen biyu su ke aikin tsakaninsu.

Hatimin nan ba na tagulla ba ne, na lissafi ne, kuma ya dogara ga wata dabara da masana uku, Rivest da Shamir da Adleman, suka fito da ita a 1977, wadda a ke kira RSA da harufan farko na sunayensu. Ga tushenta a taƙaice. Akwai adadin da ba ya rabuwa daidai sai da kansa ko da 1, kamar 53 da 61. In aka ce wa ɗalibi ya ninka 53 sau 61, nan da nan zai ce 3233. Amma in aka ba shi 3233 kurum, aka ce ya nemo adadi biyun da aka ninka, sai ya yi ta gwaji ɗaya bayan ɗaya. To, in adadin ya kai lambobi ɗari shida a jere, ninkawa dai ba ta da wuya ga kwamfuta, warwarewa kuwa ta gagari duk kwamfutocin da a ke da su.

Daga irin wannan lissafi a ke ƙera mabuɗi biyu masu tafiya tare. Ɗaya na ɓoye ne, yana ajiye a kwamfutar gidan da ke aikawa, da shi a ke buga hatimi. Ɗayan na bayyane ne, kowa ya iya gani, amma aikinsa dubawa kaɗai, ba ya bugawa. A nan ya ɗara hatimin tagulla. Wanda ya sami tsohuwar takardar fada ya iya kai wa gwanin sassaƙa ya kwaikwayi hatiminta, gama samfurin da a ke dubawa da shi shi ne kuma a ke kwaikwayo da shi. Mabuɗin bayyane kuwa ko an manna shi a bakin kasuwa ba ya koya wa kowa yadda zai buga.

Saura tambaya guda: ina za a ajiye mabuɗin bayyane har mai karɓa ya tabbata na gidan ne? Intanet na da wani babban kundin sunaye, DNS, wanda aka kafa a 1983, inda kwamfuta ke duba hanyar zuwa kowane gida. Ba mai ikon rubutu a shafin wani gida sai mai gidan. Sai Delany ya ce a rubuta mabuɗin a nan. Ba a bukatar sabon ofis, ba a biyan wani mai ba da shaida, kundin da kowa ke dubawa dā ma shi ne ya zama wurin ajiyar samfuri.

Yadda a ke bugawa da yadda a ke dubawa

Magatakardan da ya taɓa riƙe littafin haraji ya san amfanin jimlar da a ke rubutawa a gindin shafi: in wani ya sāke lamba guda a sama, jimla ba za ta yi daidai ba. Haka kwamfutar gidan da ke aikawa ke yi wa wasiƙa. Ta kan ɗauki layukan kan wasiƙa, watau sunan mai aikowa da na mai karɓa da kwanan wata da batu, ta haɗa da jikin wasiƙar, ta bi da su ta cikin wani lissafi mai suna SHA-1, sai a sami wata dunƙulalliyar jimla mai harufa da lambobi 40. Ko wasiƙa layi ɗaya ce, ko shafi ɗari, jimlar 40 ɗin nan ce. In aka sāke harafi guda, jimlar duka ta birkice. Ta kuma fi ta littafin haraji, don a can mai wayo ya iya rage biyar a wani layi ya ƙara biyar a wani, jimla ta zauna yadda ta ke. An tsara wannan ne don kada hakan ya yiwu.

Sa'an nan sai kwamfutar ta buga wa jimlar nan hatimi da mabuɗin ɓoye, ta rubuta abin da ya fito a wani layi bisa kan wasiƙa, mai suna DomainKey-Signature. A cikin layin ta kan ambaci sunan gidan, da sunan mabuɗin da ta yi aiki da shi, gama gida ɗaya ya iya riƙe mabuɗai da dama, kamar yadda hatimin baitulmali ya ke dabam da na kotu. Tun da jimlar kowace wasiƙa dabam ce, hatimin kowace wasiƙa ma dabam ne, ba a iya yanke shi daga wannan a manna wa waccan.

In wasiƙa ta isa, kwamfutar gidan da ya karɓa ta kan karanta layin nan, ta je kundin sunaye, ta nemi shafin gidan a ƙarƙashin kalmar _domainkey, ta ɗauko mabuɗin bayyane. Ta sāke lissafa jimlar wasiƙar da kanta, ta gwada da hatimin. In sun dace, abu biyu sun tabbata: mai riƙe da mabuɗin gidan nan ne ya buga, kuma ba a taɓa abin da aka buga wa hatimi ba tun fitowarsa. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

Har wa yau gida ya iya rubuta sanarwa a kundin, ko ya ce duk wasiƙunsa da hatimi su ke fita, ko ya ce waɗansu ne kawai, ko kuwa ya ce gwaji ya ke yi tukuna. Amfanin wannan ya bayyana a 2007, sa'ad da Yahoo ya fara tare duk wasiƙar da ta ce daga eBay ko PayPal ta ke in ba ta da hatiminsu. Kamfanonin nan biyu na ciniki da biyan kuɗi, mazambata sun addabe su da aron suna ƙwarai. Gmail ya yi haka a 2008.

Abin da hatimi ba ya shaidawa

Wannan shi ne wurin da ya fi cancanta Hakimai da magatakarda su tsaya a kai, don ya shafi tsohuwar hanya da sabuwa baki ɗaya. Hatimi na gida ne, ba na mutum ba. In ɓarawo ya sace lambar sirrin wani ma'aikaci, ya shiga akwatinsa ya rubuta wasiƙa, gidan zai buga mata hatimi sahihi, don kwamfuta ba ta san wanda ke zaune gaban allo ba.

Hatimi kuma ba ya shaidar gaskiyar magana. Mazambaci ya iya buɗe akwati kyauta a Yahoo ko Gmail, ya rubuta cewa shi babban jami'i ne, akwai kwangila ko gurbin aiki ga 'ya'yan gunduma in an biya kuɗin fom, wasiƙarsa kuwa ta iso da hatimi mai kyau. Hatimin bai yi ƙarya ba, ya ce daga Yahoo ta fito, daga can kuwa ta fito. Wanda ya fi wannan wayo ya kan yi rajistar gida nasa mai suna kusa da na gaske, ya sa lamba 1 a wurin harafin l, ko ya jera r da n su yi kama da m, ya ƙera nasa mabuɗi, ya buga nasa hatimi. Lissafi zai dace sarai. Ido ne kaɗai zai kama shi, in mai karatu ya bi sunan gidan harafi harafi. Sunayen gidajen hukumomin gwamnati a Nijeriya da gov.ng su kan ƙare, wasiƙar da ta ce daga Ma'aikata ta ke amma ta fito daga akwatin kyauta abar tuhuma ce, kome kyan hatiminta.

Ba ya kuma ɓoye abin da ke ciki. Aikinsa ya tona canji, ba ya hana karatu.

Dalilin da ya sa aka bar ta

Wasiƙar imel ta kan bi ta kwamfutoci da dama kafin ta isa, waɗansunsu kuwa su kan taɓa ta ba da mugun nufi ba: wannan ta naɗe dogon layi, waccan ta rage fili tsakanin kalmomi, wata ta ƙara talla a gindi. Kowane irin wannan na karya hatimi. DomainKeys ta ba da zaɓi biyu. Na farko mai tsanani ne, kusan ba ya yafe kome, sai wasiƙun kirki su riƙa faɗuwa. Na biyu kuwa ya yi sassauci har ya wuce gona da iri, gama kafin a lissafa jimla sai a share duk filin da ke tsakanin kalmomi. Mai jin Hausa ya san haɗarin wannan. "Ya kama ta" da "ya kamata" ba magana ɗaya ba ce, amma in an share fili harufansu ɗaya ne, jimlarsu ɗaya, hatiminsu ɗaya. Ashe ke nan ana iya juya ma'ana a hanya hatimi bai karye ba.

Akwai waɗansu aibobin. Layin hatimin kansa ba ya cikin abin da a ke lissafawa, don haka bayanan da ke cikinsa ba su da kariya. Babu wurin rubuta ranar da aka buga, balle ranar da zai daina aiki. Kan wasiƙa da jikinta a jimla guda a ke haɗa su, in hatimi ya karye ba a san ta ina ya karye ba. Kuma lissafi iri ɗaya tak ta sani, SHA-1.

Ba Yahoo kaɗai ke neman magani ba a shekarun nan. Microsoft ya kawo tasa dabara mai suna Sender ID, amma sharuɗɗan da ya gindaya a kan haƙƙin mallakarta suka sa masu rubuta manhajar kyauta, kamar Apache da Debian, suka ƙi ta, har kwamitin da ke duba ta ya watse a watan Satumba na 2004. Kamfanin Cisco ma yana da tasa, wadda Jim Fenton da Michael Thomas suka tsara, mai kama da ta Yahoo. Su waɗannan biyu ba su ja da juna ba. A 2005 suka haɗa dabarunsu suka zama ɗaya, aka sa mata suna DKIM, aka miƙa ta ga IETF, ƙungiyar injiniyoyi masu tsara ƙa'idodin intanet.

A watan Mayu na 2007 ƙungiyar ta fitar da takardu biyu a jere. Mai lamba 4870 ta bayyana DomainKeys, aka kuma rubuta a kanta tun ran fitowarta cewa ta tarihi ce. Mai lamba 4871 ta bayyana DKIM, ta ce ita ce ta maye gurbin waccan. Da wuya a sami wata dabara da aka yi wa suna da jana'iza wata guda kamar wannan. Duk da haka gidaje da yawa sun yi shekaru suna buga hatimi biyun tare, don kada wanda bai sauya ba ya kasa dubawa. DKIM ta toshe kafofin da aka ambata: sassaucinta na mai da fili mai yawa ya zama ɗaya amma ba ya share shi, ta sa layin hatimi cikin lissafi, ta raba jimlar jiki dabam, ta ba da wurin kwanan wata, ta kuma kawo lissafi mai ƙarfi, SHA-256. An sāke gyara ta a 2011 cikin takarda mai lamba 6376. Kalmar _domainkey kuwa tana nan a kundin sunaye har yau, a ƙarƙashinta DKIM ke ajiye mabuɗanta.

Ƙarfin mabuɗi ma na tsufa

Abin da ya gagari kwamfutar bana ba lalle ya gagari ta shekara goma masu zuwa ba. A ƙarshen 2011 wani masanin lissafi a Amurka, Zachary Harris, ya sami wasiƙa daga Google ana yi masa tayin aiki. Da ya duba hatiminta sai ya ga mabuɗin gajere ne, adadi mai lambobi wajen 155. Ya warware shi, ya ƙera mabuɗin ɓoye na Google, ya aika wa Larry Page wasiƙa da sunan Sergey Brin, su biyun nan kuwa su ne suka kafa kamfanin. Ba da jimawa ba Google ya sauya zuwa mabuɗi mai lambobi 617. Labarin ya fita a jarida a watan Oktoba na 2012. Mabuɗin na DKIM ne, amma irinsa ɗaya da wanda DomainKeys ke aiki da shi.

SHA-1 ma ta bi sahu. A watan Fabrairu na 2017 masana na Google da na wata cibiyar bincike a Amsterdam suka nuna takardu biyu dabam masu jimlar SHA-1 iri ɗaya, abin da dā a ke cewa ba shi yiwuwa a aikace. A watan Janairu na 2018 IETF ta hana aiki da SHA-1 cikin DKIM, ta kuma hana mabuɗin da bai kai lambobi 309 ba. DKIM ta tsira don tana da wani lissafin da za ta koma. DomainKeys ba ta da shi.

Sanarwar nan da gida ke rubutawa a kundi ita ma ta sami magajiya, DMARC, wadda aka bayyana a 2012 aka buga ƙa'idarta a 2015. Da ita gida ke faɗa wa masu karɓa abin da za su yi da wasiƙar da ta ari sunansa ba shaida, ko a bar ta, ko a keɓe ta, ko a ƙi ta. Tun watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka wajabta wa masu aika wasiƙu da yawa su yi aiki da DKIM da DMARC, da wata ta uku mai suna SPF, wadda ke lissafa kwamfutocin da gida ya yarda su aika da sunansa.

Abin da ya kamata magatakarda ya yi

In wasiƙa ta zo da batun kuɗi, ko filaye, ko naɗi, ko neman sunayen mutanen gunduma, kada a tsaya ga sunan da ya bayyana a sama. A buɗe ainihin wasiƙar, gama manhajojin imel na da wurin nuna cikakken kanta. A Gmail za a ga DKIM da sakamakonsa, PASS in ya dace, FAIL in bai dace ba, tare da sunan gidan da ya buga. Sunan nan shi za a karanta a hankali, a gwada da wanda ofis ya sani tun dā. Faɗuwar hatimi ba ta tabbatar da zamba, don wata kwamfuta a hanya ta iya karya shi, amma ta isa ta sa a dakata. Ko ya dace ko bai dace ba, in abin da a ke nema mai nauyi ne, sai Hakimi ya sa a buga waya ga ofishin da aka ambata, ta lambar da ke cikin littafin ofis, ba ta wadda ke cikin wasiƙar ba.

Wasiƙar da ta zo yau da layin DomainKey-Signature kaɗai, ba na DKIM, a ɗauke ta kamar marar hatimi. Ofishin da ke da gidan imel nasa kuwa, ya kyautu a tambayi mai kula da kwamfutocinsa ko DKIM a ke bugawa, da tsawon mabuɗin.

Game da ajiya, hatimin tawada ya kan zauna a fayil shekara ɗari ana dubawa, wannan kuwa ba haka ya ke ba. Gidaje su kan sauya mabuɗi lokaci lokaci, su share tsohon daga kundi, daga ran nan ba sauran abin da za a gwada hatimin da shi. Tsofaffin wasiƙun da ke ɗauke da hatimin DomainKeys, duk wadda aka share mabuɗinta ba ta dubuwa kuma. Don haka wasiƙar da a ke zaton wata rana za a nema a gaban shari'a, a ajiye ta da cikakken kanta, ba jikinta kaɗai ba, gama a nan ne kwamfutar da ta karɓa ta rubuta sakamakon dubawarta. A kuma shigar da ita rajistar wasiƙu ran da ta iso, da kwanan wata, da sunan gidan da ya buga hatimi, da abin da dubawa ta nuna.